Zamzam ɗin Tsohuwar Ajara

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da Larabci aka yi mana. Hausa a bakin mahaifiyata na same ta, rubutunta kuwa sai da na girma na koya a wajen wata 'yar Kano da muka yi maƙwabtaka a unguwar Utaibiyya a Makka. Nakan fara, in yi layi biyu, sai in ajiye, in ce wa zai karanta labarin macen da sau ɗaya ta taɓa fita yawon buɗe ido. Wani lokacin kuma tsoro ne yake kama ni, kada in ƙara abin da bai faru ba, a rubuta mini ƙarya a kan abin da ba wanda ya tilasta ni. Abin da ya sa na daure shi ne akwai wata tsohuwa a kan duwatsun ƙasar Jojiya da na yi wa alkawarin ruwan Zamzam. Har yau bai isa hannunta ba, ita kuma shekarunta sun ja ƙwarai.

A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata. Kakanmu ne ya zo hajji daga ƙasar Hausa ya zauna. Kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Madina da Jidda da Ɗa'ifa ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Babban ɗana, wanda yake aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani shago a unguwar Rusaifa, shi ne ya zo wata rana cikin tsananin zafi ya ce ya sami ijaza, wato hutun aiki, kuma ya yanke shawara zai kai ni Jojiya, ƙasar da ake ruwan sama kullum. Ya ce abokan aikinsa duk can suke zuwa da iyalansu.

Na ce masa, "Mutane suna sayar da gonakinsu su zo inda muke, ni kuma in bar nan in tafi kallon ciyawa?"

Ya ce, "Umma, Ka'aba ba za ta tashi ba kafin ki dawo."

Na ce ya yi istigfari. Ya yi, yana dariya. Da ya ga ba zai ci nasara shi kaɗai ba sai ya jawo ƙanwata, wadda take bi na, mace mai baki da son fita, mijinta ya rasu kamar nawa. Ita ce ta zauna mini a ɗaki har na ce to.

Daga ranar da na ce to ban ƙara barci mai daɗi ba. Na tambayi wa yake yanka musu dabbobi. Na tambayi ko a tukunyar da ake dafa alade ake dafa sauran abinci. Aka ce mini ƙasar inabi ce, kowane gida yana matsa nasa ya yi giya, sai hankalina ya ƙara tashi. Na cika akwati guda da dabino da kifin gwangwani da busasshen burodi da garin kunu. Sannan na dage sai an tafi da Zamzam. Ɗana ya yi ta kai da komowa har aka yarda mu shiga jirgi da jarka guda ƙarama, a naɗe da ledarta. Ni a lokacin ban ɗauke shi wani abin kyauta ba. Mu a gida shi muke sha, da shi muke dafa shayi, in jarka ta ƙare yaro ya ɗauko wata. Na tafi da shi ne kawai don ban yarda da ruwan kowa ba.

Yankin da muka sauka Ajara ake ce masa, babban garinsa Batumi, a bakin teku. Ba zan iya kwatanta yadda na ji da na fara ganin wurin ba. Mu duwatsunmu baƙaƙe ne tsirara, su nasu ba ka ganin dutsen ma don itatuwa. Ruwa yana zubowa daga sama a gefen hanya, ba mai tare shi, ba mai sayar da shi. Na ce wa ƙanwata wannan asara har ina. Ta ce in je in tare da jarkata. Akwai tsofaffin gadoji na dutse masu lanƙwasa kamar baka, ba ƙarfe ba siminti, aka ce tun zamanin sarakunansu na da suke. Ɗana ya hau ɗaya yana kirana, ni kuwa ina ƙasa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina har ya sauko.

Alƙibla ma ta ba ni wahala. Wanda ya tashi a Makka bai saba neman ta ba, ko yaro ya san inda Harami yake daga ƙofar gidansu. A can sai ɗana ya ɗora waya a tafin hannu yana juyawa, allurar tana rawa. In na idar da salla sai in ce a sake dubawa. Akwai azahar ɗin da na maimaita saboda na ga kamar dardumar ta karkace.

Abinci kuwa, su biyun sun ci son ransu. Akwai wani burodi da suke yi kamar kwalekwale, a cika cikinsa da cuku, a fasa ƙwai a kai, a jefa man shanu. Ƙanwata takan yage gefensa ta dangwala a tsakiya tana kallona, ni ina gefe da gwangwanina.

"Yaya, burodi ne da cuku da ƙwai. Wanne ne a ciki ba a yanka da bismilla ba?"

"Ba ki san da me aka shafa farantin gashin ba."

"Ke ko gidan limamin Harami aka gayyace ki sai kin leƙa kicin."

Haka muka yi ta yi har hutun ya kusa ƙarewa, jarkar Zamzam ma ta yi ƙasa. Abin da ya rage na juye shi a gorar roba guda, na sa a jakata.

Ana saura kaɗan mu koma, ɗana ya ce sai mun hau can saman duwatsu, inda aka ce akwai ƙauyukan Musulmi da masallatan katako. Direban da muka saba da shi ba shi da lafiya a ranar, sai ɗana ya samo wani a bakin teku, ɗan ƙasar, Kirista, mai furfura a gemu. Larabcinsa a bakin masu yawon buɗe ido ya tsince shi, yakan mai da mace namiji, amma ana fahimta. Hajja yake ce mini, ƙanwata kuma Hajja ƙarama, abin da ya yi mata daɗi ƙwarai.

Mun wuce wani gari da ake kira Hulo, muka bar kwalta, muka yi ta hawa. Bayan azahar ruwa ya sauko irin wanda ban taɓa gani ba. Da muka juyo sai muka tarar ƙasa ta zaftaro ta rufe hanya, da itatuwa da komai. Direban ya fita ya duba, ya dawo a jiƙe, ya ce sai gobe in mai motar ture ƙasa ya zo. Ni na riga na fara lissafin yadda za a kai gawarmu Makka. Ya juya motar, ya bi wata 'yar hanya, ya tsaya a ƙofar gidan farko da ya ga hayaƙi yana tashi. Bai san masu gidan ba, su ma ba su san shi ba.

Gidan na katako ne a kan ginin dutse, shanu a ƙasa, mutane a sama, da doguwar baranda an rataye masara a jikinta. Mata biyu ne a ciki, wata tsohuwa da matar ɗanta. Mazan sun hau da sauran shanu wurin kiwon damina, can sama da inda muke. Tsohuwar gajeriya ce, ta ɗaura farin kallabi har ƙasan haɓa, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Ta tsaya a saman matakala tana kallonmu, baƙaƙen mutane uku a jiƙe. Na ce a raina yanzu za ta rufe ƙofa. Sai ta ce, "Salamu alaikum," da irin lafazinsu, ta miƙo hannu ta kama nawa ta ja ni sama.

Ba su tambaye mu daga ina muke ba. Direban ya ce a al'adarsu sai baƙo ya ci ya ƙoshi ake tambayarsa. Surukar ta ba mu busassun kaya, ta zaunar da mu kusa da murhun ƙarfe. Da la'asar ta yi, tsohuwar ta ɗauko darduma ta shimfiɗa ba tare da ta duba komai ba, ta nuna mini. A katakon daɓen akwai wurin da ya yi santsi ya ɗan lotsa, daidai inda gwiwa take sauka. Wannan ce salla ta farko a ƙasar da ban ce a sake duba mini alƙibla ba.

Sannan aka kawo abinci. Surukar ta narka man shanu a kasko, ta yayyaga cuku a ciki har ya yi ta miƙewa kamar zare, sunansa borano, shi kaɗai na riƙe. Ga wainar masara mai zafi, ga wake da aka dafa da ganye mai ƙamshi, ga zuma a saƙarta, ga kindirmo mai kauri. Ƙamshin man shanun nan ya kai ni ɗakin mahaifiyata, lokacin da alhazai 'yan uwa suke kawo mata shi daga gida a kwalba. Duk da haka hannuna ya tafi jaka wajen dabino. Tsohuwar ta gani. Sai ta gutsuri wainar, ta dangwala, ta ce bismilla da ƙarfi yadda zan ji, ta kai bakina kamar yarinya. Na buɗe baki. Daga nan ban san lokacin da na share kaskon ba.

Ƙanwata ta ce wa ɗana, "Maza ɗauki hoto, a kai wa mutanen unguwarmu Ka'akiyya shaida."

Na ce wanda ya ɗauke ni hoto da baki cike ban yafe ba. Bai ɗauka ba. Yau da ya ɗauka da na gode masa, don da fuskar tsohuwar ta fito a ciki.

Da aka ci aka sha, ta tambayi direban daga wace ƙasa muke. Shi kuma ya ce Saudiyya, ya tsaya a nan, don a wurinsa duk ɗaya ne. Ta gyaɗa kai. Ta ba mu labari ta bakinsa, cewa tana yarinya hukumar wancan zamani ta hana salla a fili, masallacin ƙauyen an mai da shi rumbun ajiye hatsi, kakarta ce ta koya mata Fatiha a ɗakin shanu da murya ƙasa-ƙasa. Ta karanta mana ita. Wasu haruffan sun sauya a bakinta, ni da nake gyara wa jikokina kowane harafi ban ji ko ɗigon son gyara mata ba.

Washegari da safe ruwa ya ɗauke. Na riga kowa fitowa baranda, ina son shayi. A gefen gidan akwai bututun katako da ruwa yake zubowa daga cikin dutse dare da rana, shi suke sha. Na tsaya ina kallonsa, sai waswasina ya motsa: shanu suna sama, wa ya san abin da ya faɗa ciki. Na koma na ɗauko gorata. Na zuba rabi a 'yar butar shayi na ɗora a murhu. Tsohuwar ta fito ta same ni, na zuba mata kofi, na zuba wa kaina, muka zauna muna sha ba mai jin yaren wani, gajimare yana wucewa a ƙasanmu. Da muka gama na ga bai kamata in bar musu wanke-wanke ba. Na ɗauraye kofunan biyu da butar da sauran ruwan gorar, na watsa ta kan baranda, ya sauka a kan shukar wakenta.

Tana kallona. Da direban ya fito yana miƙa, ta yi masa magana tana nuna bututun tana nuna gorar. Ya ce, "Hajja, tana tambaya, ruwansu bai yi miki ba ne? Ta ce mutane daga birni suke zuwa ɗibarsa."

Kunya ta kama ni. Don in wanke kaina na ce ya gaya mata ba raini ba ne, na saba da ruwan garinmu ne, Zamzam ne daga Makka.

Bai kai ga fassarawa ba. Kalmomin nan biyu ba sa bukatar tafinta. Tsohuwar ta miƙe tsaye, ta ce, "Zamzam? Makka?" Ta nuna ni, ta nuna ɗana da ƙanwata da suka fito a lokacin. Direban ya tambayi ɗana, ɗana ya ce e, a can aka haife mu, daga gidanmu zuwa Harami tafiyar mota ce kaɗan. Ta kama fuskata da hannu biyu ta sumbaci idanuna, na dama da na hagu. Direban ya ce wai don sun ga Ka'aba. Ni da nake wuce Harami a mota ina duba farashin tumatir a waya, ban san inda zan sa kaina ba.

Ta shige ɗaki da sauri, muka ji ana jan akwati. Ta fito rungume da wani ƙunshi, ta kwance a kan tebur. Farin yadi ne a ninke, da ganyen ƙamshi a tsakaninsa. Ba sai an gaya mini ba, na yi wa mata da yawa sutura a unguwarmu. Likkafaninta ne.

Direban ya rage murya. Ya ce a wajen tsofaffinsu, wanda ya sami hali yakan yayyafa wa likkafaninsa Zamzam ya shanya ya ajiye. Na mijinta an yi masa, wani ɗan ƙauyen da ya je hajji ya ba su a ɗan kofi. Da wani ya sake zuwa, masu jira sun yi yawa, kafin a zo kanta ya ƙare. Tun daga nan take jira. Ta ce ba da yawa take so ba, ko cikin cokali ne.

Gorar tana hannuna, ba komai a ciki. Na ɗaga ta ina dubawa kamar zai dawo. Na ce, "Inna, ya ƙare," da Hausa na faɗa, kuma ta gane. Na nuna mata kofunan, na nuna ƙasan baranda. Kuka ya ƙwace mini. Tun da muka sauka a ƙasar nake wanke inabi da tuffa da ruwan nan, nake kurkure baki da shi, ga wadda take jiran cokali guda shekara da shekaru, kuma a gabanta na watsar da na ƙarshe.

Ƙanwata ce ta cece ni, Allah Ya saka mata. Ta tari direban da magana: "Kai, gaya mata shayin da ta sha yanzu da me aka dafa shi. Gaya mata kofi guda cur ta shanye, ko mu ba kullum muke samun mai zuma irin wannan ba."

Ya gaya mata. Tsohuwar ta ɗora hannu a ƙirjinta ta shafa zuwa ciki, ta ce alhamdulillahi sau da yawa. Sannan ta leƙa ta kan baranda ta kalli waken da ya jiƙe, ta faɗi wata magana da ta sa surukarta da direban suka fashe da dariya. Ya ce wai bana ko hukuma ce ta zo ba za a sayar mata da waken nan ba, kuma surukar ta kuskura ta ba maƙwabta.

Ta karɓi gorar daga hannuna, ta kife ta a kan gefen yadin, tana bubbuga gindinta da yatsa. Ɗigo ya fito, wani ya biyo shi, suka yi ɗan tabo kamar ƙwayar wake. Ta shafa shi da babban yatsa, ta ninke yadin, ta sa gorar a cikin ƙunshin ta ɗaure. Ta share mini hawaye da gefen kallabinta, tana magana a hankali. Direban ya ce tana cewa ya isa, Wanda ya rufe hanya ya kawo mata mutanen Makka har baranda Ya san abin da yake yi.

Ni bai ishe ni ba. Na ce ya gaya mata na yi alkawari, ban ce in na samu dama ba, alkawari na ce, zan aiko mata da jarka guda cikakkiya. Ɗana ya taɓa ni ya ce, "Umma, ki ce in sha Allahu." Na ce in sha Allahu, amma alkawarin ya riga ya fita. Tsohuwar ta ɗaga yatsa ɗaya ta kai shi ga idonta, direban ya ce tana nufin za ta zuba ido.

Kafin hantsi aka ce hanya ta buɗe. Surukar ta kai mu masallacinsu muka gani. Daga waje kamar rumbu, hasumiyarsa ta kwanon rufi ce. Ciki kuwa ko'ina fenti, an zana inabi da masara da furanni a bango da rufi, kore da ja da shuɗi, har da wani jirgin ruwa ƙarami kusa da matakalar mata. Na yi raka'a biyu a wurin. Da za mu tafi suka cika mana mota da cuku da zuma da wainar masara. Ɗana ya sa hannu a aljihu, direban ya riƙe masa hannu ya ce kada ya soma, zagi ne.

A nan ne muka yi sakacin da sai mutanen Makka za su yi shi. Mu ba mu saba karɓar adireshin kowa ba. Duk wanda muka sani a duniya, mun san wata rana shi zai zo inda muke, ko ɗansa, ko maƙwabcinsa. Abin da na ce kawai shi ne duk wanda zai zo umara daga ƙauyen a ba shi lambarmu. Tsohuwar ba ta da waya, ta surukar kuma tana wajen mijinta a wurin kiwo, sai direban ya sa lambar ɗana a tasa wayar, ya ce in ya sake hawowa zai ba su. Na tambayi sunan ƙauyen, aka faɗa mini, haruffa ne a cunkushe ba wurin numfashi. Na maimaita shi a mota har muka sauko, kafin mu isa Batumi ya zube. Ɗana ya ce ba komai, direba ya sani.

Da muka dawo, a satin farko na sa aka kawo jarka sabuwa mai hatimi. Ɗana ya kira direban, suka yi magana sau ɗaya, ya ce yana wani gari, in ya koma zai hau. Bayan haka lambar ta daina shiga. Mun kira direbanmu na farko, ya ce bai san shi ba, masu tsayawa a bakin teku suna da yawa, wasu sukan tafi Turkiyya aiki in baƙi sun ragu. Ba na zarginsa da komai. Mutumin da ya nema mana wurin kwana cikin ruwan nan, ya tsaya yana fassara kukan tsofaffi biyu da sassafe, ba abin da zan bi shi da shi sai addu'a.

Wani abu kuma ya zo ya dame ni. Na ji ana cewa yayyafa wa likkafani Zamzam ba shi da asali, sai na shiga tunanin ko na yi alkawarin taimaka wa abin da bai dace ba. Na je wajen malamar da take mana karatu a unguwa, na kwashe duka na gaya mata. Ta ce ke ruwa kika yi alkawari, ki kai ruwa, in ya isa ta sha ta yi addu'a, sauran ki bar wa Allah da ita. Ta kuma ce in rage tonon abin da ba a tambaye ni ba. Wannan na biyun har yanzu ina fama.

Damina biyu ke nan ana zuwa ana dawowa. Duk wanda na ji zai tafi Jojiya a cikin dangi da maƙwabta sai na je gidansa. Wani ɗan ƙawata ya hau har Hulo da hoton masallacin da ɗana ya ɗauka, aka ce masa masallatai masu irin wannan zane suna da yawa a ƙauyukan, aka nuna masa biyu, ba su ba ne. Ƙanwata takan ce, "Yaya, matar nan ta ce ya isa, ke ce kika ƙi ji." Gaskiya ne ta faɗa. Amma na ga yatsan da ta kai idonta. In ruwan jarkar ya daɗe sai mu shanye in sa a kawo sabo, don kada ranar ta zo a ce wanda zan aika ya kwana biyu.

Ba na son a karanta wannan a ɗauka baƙin ciki na kwaso a tafiyar. Na gode wa Allah da Ya nuna mini ƙasar, na gode wa yaron da ya dage, na gode wa matan nan biyu da suka buɗe wa baƙin da ba su sani ba ƙofa. Tun da na dawo ban ƙara ɗauraye kofi da Zamzam ba, kuma in na shiga Harami nakan tsaya in kalli Ka'aba da kyau kafin in fara neman wurin zama. A kowane ɗawafi ina sa tsohuwar a addu'a, ko da yake sunanta ma ban sani ba, Inna kawai na kira ta.

Don haka ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman 'yan uwa masu zuwa hutu can, da masu aiki da alhazai da masu umara a otal-otal da motoci a nan Makka. Ƙauyen yana sama da Hulo, bayan an bar kwalta, a hannun hagu in ana hawa, in ban ruɗe ba. Masallacinsa na katako ne da hasumiyar kwano, akwai zanen ƙaramin jirgin ruwa kusa da matakalar mata. Gidan shi ne na farko in an shigo, da bututun ruwa na katako a gefensa, da wake a ƙasan baranda. In kun haɗu da mutumin Ajara, ku tambaye shi ko ya san ƙauyen da baƙaƙen mutane uku daga Makka suka kwana ranar da ƙasa ta rufe hanya. Abu ne da na tabbata ba a manta ba a wurin. Wanda ya san sunan ƙauyen, ko wanda zai hau can ya yarda ya ɗauki jarka guda, ya sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake a Ka'akiyya. In kuma wani ya san cewa ta riga ta rasu, kada ya ɓoye mini don tausayi. Ya gaya mini, in san irin addu'ar da zan riƙa yi mata, ruwan kuma a kai wa surukarta.